Gwazar da Ta Sha Lalle

Tun da Malam Tanimu ya ajiye aikin koyarwa ya dawo gida Tudun Wada ta Zariya, sai Allah ya jarrabe shi da son wata fulawa. Wani aboki ne ya kawo masa kawunanta daga Jos, ya ce sunanta kaladiyom. Ganyenta fankama-fankama kamar na gwaza, sai dai wani ja ne da bakin kore, wani fari fat da jijiyoyi jajaye, wani kuma ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa fenti. Ya sami tukwanen ƙasa ya huda gindinsu don kada ruwa ya kwanta, ya haɗa taki da yashi ya dasa kawunan, ya jera su a gindin mangwaro inda hasken safiya ke samunsu amma zafin rana ba ya kai musu. Kullum sai ya cusa yatsa a ƙasar ya ji laimarta kafin ya zuba ruwa. Matarsa ma ta ce da ita ake yi wa wannan lallashi da tuni ta yi ƙiba.

To, Malam Tanimu yana da taubashi, Jatau, ɗan ƙanwar mahaifinsa, gidansu katanga ɗaya. Kowa ya san wasan taubasai, ka ɗauki abin ɗan'uwanka ka ce na bawanka ne, ba mai kai ƙara. Jatau kuwa mutum ne mai surutu kamar aku, ga kwaɗayi, duk abin da ya fito daga ƙasa a wurinsa na tukunyar miya ne. Ran da ya fara ganin fulawar ya tsaya ya riƙe haɓa.

"Bawana, wannan ai gwaza ce ta sha lalle. Yaushe za a tona?"

"Ba a cin ta, Jatau. Ta kallo ce. Ƙaiƙayinta ya fi na gwazar da ka sani, kuma ba ya jin wuta."

"Rowa dai. Wa ya taɓa ba abu taki don kallo?"

Haka suka yi ta yi duk damina. Jatau ya zo ya leƙa, Tanimu ya ce ba a ci, Jatau ya tafi yana cewa malaman makaranta ba su iya ƙarya ba.

Da kaka ta yi, ganyen ya fara langaɓewa yana bushewa. Tanimu bai damu ba, ya san halin abarsa: barci take shiga, kawunan na nan da ransu a ƙasa, sai an daina ba su ruwa an bar su a inuwa har damina ta dawo. Ya kwashe tukwanen ya jera a lungun zaure. Abin da ya manta shi ne, a wurin duk wanda ya san gwaza, bushewar ganye tana nufin ta nuna.

Ya tafi ɗaurin aure Funtuwa, ya dawo ya tarar da tukwane a kife, ƙasa a zube, ko kai ɗaya babu. Har da farar nan mai jan jijiya, wadda ya yi wa 'yarsa alkawarin zai raba mata ta kai gidanta. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don irin ba a samunsa a kusa, kuma ya san idan kawunan suka daɗe a hannun wanda yake zargi, to wuƙa ce makomarsu. Amma taubashi ba a yi masa tsawa, in ka yi ma kai za a yi wa dariya. Sai ya haɗiye fushinsa ya nufi majalisar ƙofar masallaci.

Can ya iske Jatau a gefen tabarma, ya naɗa rawani ya ja amawali har hanci, mutumin da bai taɓa naɗi ba ko ranar Sallah. Kuma shiru yake, abin da ya sa majalisar ta zama kamar gidan makoki.

"Bawana, sarauta aka ba ka ban ji ba?" in ji Tanimu.

"Haƙori," Jatau ya amsa da wata murya kamar ya cika baki da tuwo.

"Allah ya sawwaƙe."

Tanimu ya zauna, ya gyara riga, ya juya wurin sauran dattawa yana ba su labarin wani gafiya da ya shiga zaurensa ya tone masa fulawa. Ya ce shi ba asarar ce ta dame shi ba, gafiyan yake tausayi.

"Ai abin nan mataki-mataki yake," ya ce yana girgiza kai. "Da fari leɓe ya kumbura, harshe ya yi ta ƙaiƙayi kamar an zuba masa ƙaiƙayin gero. Daga nan sai ya hau kunne. Kunnen ya yi fele-fele, tsakiya ja, baki-baki kore, sak ganyen."

Hannun Jatau ya lallaɓa ya shige ƙarƙashin rawani. Ya shafa na dama, ya shafa na hagu. Liman ya gani, ya kau da kai yana danne dariya da carbi.

"Yana da magani?" in ji Liman, da gangan.

"Sai an ga sauran kawunan an san wane iri ya ci."

Jatau bai san lokacin da ya fizge amawali ba. Leɓensa ya yi suntum, ja wur, na ƙasa ya zubo kamar na raƙumi. Majalisa ta kece da dariya.

"Ɗaya tak na dafa!" ya ce yana haki. "Shi ma gutsura ɗaya na yi na tofar. Sauran na nan a kwando a ɗakina, har da farar, je ka kwashe tsiyarka."

Tanimu ya ji wani sanyi a ransa, ya miƙe yana gyara hula. Ya ce masa ya sha madara ya wuce asibiti a duba shi, kunne kuma ya bar shi ya huta, ba abin da zai same shi. Jatau ya gane an yi masa wayo, ya riƙo gefen rigarsa.

"Amma kai mugu ne, Tanimu. Ka ajiye irin wannan bala'i a zaure, ba ka gaya wa mutane ba?"

"Ni duk damina kunnenka nake gaya wa bai ji ba," in ji Malam Tanimu. "Shi ya sa ita ta je ta gaya wa bakinka."