Rasuwar Maud, Kujerar da Ake Ɓuya a Bayanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa guda a kumbure, Alwyn Thwaite na garin Keighley yake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar doguwar kujerar falonsu, wadda aka fi sani da Maud. Ta cika da yammacin Asabar, a bakin aiki, tana fuskantar talabijin.

Mahaifin Alwyn ne ya kawo ta gidan, koriya shar, tun talabijin ba ta da launi. Tun daga ranar ba ta taɓa jingina da bango ba. A gidan Thwaite akan bar rata tsakanin kujera da bango, daidai faɗin yaro, domin duk Asabar akwai shirin Kyaftin Orme da kumbonsa na sararin samaniya, kuma in dodo ya fito dole yaro ya sami wurin gudu. A nan Alwyn ya yi ƙuruciyarsa, ido ɗaya a leƙe. Dodannin lokacin da kwali da bokiti ake yin su, in suka juya da ƙarfi har bangon kumbon yakan girgiza. Duk da haka sun sa shi fitsari a wando. Marigayiyar ta sani, ba ta faɗa wa kowa ba.

Ta ga zamanin Russell, ɗan Alwyn, da aka dawo da shirin da sabon Kyaftin mai baƙar riga, wanda ba ya dariya. Aka rage fitilun kumbo. Kowane mako sai wata duniya ta ƙone, Kyaftin ya tsaya a taga yana tunanin laifinsa. Russell ma ya ɓuya, sai dai yakan fito yana tambaya ko dodon yana da uwa. Ta kuma ga Kyaftin na yanzu, mai riga ruwan ɗorawa, wanda ke rungumar dodanni yana tambayarsu abin da ke damunsu.

Mai haƙuri ce. In an zauna takan ce “fuuu”, in an tashi ta ce “ƙiiƙ”. Ba a taɓa jin ra’ayinta kan wane Kyaftin ya fi ba. Mai gidan kuwa har mai kawo madara ya ji nasa.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da Glenda, matar Alwyn, ta ga wata sabuwar kujera a kanti.

“Ita manna ta za mu yi da bango,” in ji ta. “Ratar nan ƙura kawai take tarawa.”

Alwyn ya roƙi arziki. Jikarsu Imogen ba ta taɓa ɓuya ba, in aka toshe wurin, al’adar gidan ta mutu ke nan.

“To,” in ji Glenda. “In ta ɓuya Asabar ɗin nan, na bar rata. In ba ta ɓuya ba, bango.”

Ran Asabar Alwyn ya sa wa yarinyar tsohon shirin da ya fi razana shi. Dodo ya fito. Imogen ta ci gaba da cin soyayyen dankalinta.

“Kaka, wannan ai mutum ne da bokiti a ka. Ga takalminsa ma.”

“Takalmin wata duniya ne.”

“Irin naka ne sak.”

Sai lokacin sabon shiri ya yi. Kyaftin ya tsaya gaban dodo, Alwyn ya gyara zama yana jiran yaƙi. Kyaftin ya buɗe baki ya fara waƙa. Dodon ya karɓa. Suka riƙe hannun juna. Alwyn ya jure baitin farko, a na biyu ya miƙe ya cusa kansa bayan kujera. Ratar ta yaro ce. Maud ta ce “ƙiiƙ”, ta ƙara da “ƙaras”, ta kwanta ta gefen hagu, ba ta sake tashi ba.

Da aka zaro shi aka ɗora masa ƙanƙara a gwiwa, ya shiga yi wa Imogen bayanin yadda shirin yake a da, tun daga Kyaftin na farko. Yana kan na uku ya waiwaya, babu yarinya. A bayan gawar aka same ta, a tsugune, ta toshe kunnuwa.

“Ta ɓuya!” in ji Alwyn.

“Kai ta guje wa, tsoho,” in ji Glenda.

“Ta ɓuya ko ba ta ɓuya ba?”

Marigayiyar ta bar matasai uku, ɗaya ba nata ba, da ƙaramin teburin shayi, da tabo mai siffarta a kan darduma. An kuma sami cokula da rabin tabarau a cikinta, masu su za su iya zuwa su karɓa.

Motar kwasar shara za ta ɗauki gawar ranar Talata da safe daga bakin ƙofa, inda aka lulluɓe ta da leda saboda ruwan sama. Ba a buƙatar furanni. Akwai shayi, amma masu ta’aziyya su zo da abin zamansu. Magajiyarta za ta iso Alhamis, kuma za a bar mata rata. Glenda ce ta auna, faɗin Imogen daidai. Duk wanda ya fi haka faɗi ya zauna ya saurari waƙa.