Sai Ƙwai Ya Taso

"Ni za ka koya wa gishiri? Ni da aka yanke wa cibi a gindin randarsa? Mas, duk faɗin garin Brebes ba a haifi wanda ya fi ni sanin gishiri ba, kuma ban ji ana shirin haifar sa ba."

Pak Warsito ke nan yake yi wa Mas Kusnadi mai haɗa na'ura faɗa, tsaye a bakin sabon kwamin ninƙayar da ya gina a bayan gidansa, tumbi a gaba, hannuwa a ƙugu. A garin nan magidanci Pak ake ce masa, wanda bai kai shi ba Mas, matar gida Bu, uwa kuma Mak. Abokina, kada mu ɗauki alhakinsa, ba duka ne ƙarya ba. Da ƙwan agwagwa mai gishiri ya yi arziki. Mahaifiyarsa, Mak Rasminah, ita ta fara sana'ar da randa biyu, shi kuma ya mayar da ita shaguna huɗu a bakin babban titi. Kuɗin sun sayo masa gida a unguwar likitoci da lauyoyi, amma sun kasa sayo masa suna. Ya sa zoben zinare, ya fesa turare har ƙudaje suna suma, duk da haka Mai Ƙwai ake ce masa. Abin yana ci masa rai fiye da yadda kake tsammani.

Ana nan sai zaɓen mai unguwa ya taso. Duk wanda aka zaɓa, sunansa na yanka ma ɓacewa yake yi. Gogan naka ya zauna ya yi lissafi: daga Mai Ƙwai zuwa Mai Unguwa ai kalma ɗaya ce za a taɓa. Wanda ya tare masa hanya shi ne maƙwabcinsa, Dokta Hendarto, wani siririn mutum mai magana kamar yana tsoron tashin jariri. Dokta yana da kwami tun tuni, irin wanda ake zuba wa kulorin, kuma iyalan unguwa can suke wanka. Suna son sa, sai dai suna ƙorafin wari da jan ido.

Nan Warsito ya ga ƙofa. Ya taɓa kwana a wani otal a tsibirin Bali inda aka ce masa ruwan wankansu na gishiri ne. Ya bi gida-gida yana shelar cewa a gidansa za a yi taron zaɓe ranar Lahadi, a ci, a sha, a yi wanka a ruwan da babu ɗigon guba a cikinsa, ba irin na wasu da suke jiƙa 'ya'yan mutane a maganin wanke ban-ɗaki ba.

Mas Kusnadi, wanda ya zo haɗa na'urar tsabtace ruwan kwamin, mutum ne mai haƙuri. Ya zuba gishiri buhu uku, ya ce shi ke nan. Ya yi bayani cewa ruwan ba ya buƙatar ya wuce ɗanɗanon hawaye, domin aikin na'urar shi ne ta bi gishirin da lantarki ta mayar da shi kulorin kaɗan-kaɗan. Wato dai kulorin ɗin yana nan, girka shi kawai ake yi a gida.

"Kada ka ƙara faɗin kalmar nan a gidana," in ji Warsito. Ya tsoma yatsa ya lasa, ya yatsine fuska. "Wannan ne ruwan gishirin? Ai abincin masu hawan jini ma ya fi shi."

"Pak, akwai abin awo, ga shi nan a aljihuna."

"Mayar da shi. Mu a gidanmu da ƙwai ake awo. In ƙwai bai taso ba, ruwa bai ji gishiri ba."

Ya sa aka kawo ɗanyen ƙwai, ya saka. Ƙwai ya gangara ƙasa abinsa ya kwanta. Warsito ya dubi Kusnadi irin kallon da ake yi wa ɓarawon takalmi, ya ce wato buhu uku ya zuba don ya riƙa dawowa gyara. Kusnadi ya tattara kayansa. A bakin ƙofa ya ce lambarsa tana jikin na'urar, kuma yana ɗaukar waya har ranar Lahadi.

Ranar Talata motar gishiri ta iso daga bakin teku, irin mai tsakuwa wanda yake amfani da shi a shagunansa. Buhu goma, ƙwai na ƙasa. Buhu ashirin, ƙwai bai ko juya ba. Warsito, Malam Masani, ya kamo shi da raga, ya duba, ya ce wannan ragon ƙwai ne, a kawo wani. Aka kawo wani, shi ma ya bi sawun ɗan'uwansa.

A buhu na talatin na'urar ta kunna jar wuta ta fara tsuwa. Matarsa, Bu Tarsinah, ta leƙo ta ce abin nan fa kuka yake. Ya ce ba kuka ba ne, murna ce, bai taɓa ganin gishiri na gaske ba. Ya liƙe wutar da salatef, ya naɗe wurin tsuwar da tawul.

Zuwa Alhamis barkonon da ta shuka a gefen kwamin ya sunkuyar da kai ya mutu, domin kullum sai an fantsama masa ruwa wajen motsawa da gora. Kyanwar gidan ta sha sau ɗaya, ta koma gidan Dokta da zama. Tsanin ƙarfen kwamin, wanda ya sayo da arha yana alfaharin ya iya ciniki, ya fara zubar da jar tsatsa.

"Pak, wanka za a yi a ciki ko kifi za mu busar?" in ji Bu Tarsinah.

"Bu, ke da girki aka san ki. Bar wa masu ilimi harkar kimiyya."

Ta ce a girkin ma ba ta taɓa ganin an juye mota guda a tukunya ba. Ya yi kamar bai ji ba.

Ranar Asabar da la'asar, a buhu na casa'in da ɗaya, ƙwai ya motsa. Ya miƙe, ya yi rawa, ya taso a hankali har ya leƙo da ƙeyarsa saman ruwa. Wallahi sai da idon Warsito ya kawo ƙwalla. A daidai lokacin na'urar ta saki wani ƙauri ta yi shiru. Ya ce ta gama aikinta ne, ta huta.

Lahadi unguwa ta cika gidan. Ga tsiren akuya, ga shinkafa, ga shayi a tukwanen ƙasa. Abu ɗaya ne ya hana a kawo kan tebur, ka san ko mene ne. Sai ga Mak Rasminah ta sauka daga keke da kwandon ɗanyen ƙwan agwagwa a hannu, tsarabar ƙauye. Ya gaishe ta a gurguje, ya kai ta can bayan tukwanen furanni ya zaunar, ya ce ta rufe kwandon da zane.

Ya fito cikin gajeren wando mai ruwan ɗorawa, ya yi jawabi na rabin awa. Ya ce wanda ya iya tafiyar da ruwa shi ya iya tafiyar da unguwa. Dokta ya dubi ruwan, wanda ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa, ya tambaya cikin ladabi nawa aka zuba.

"Casa'in da ɗaya."

"Kilo?"

"Buhu, Pak Dokta. Mu ba ma yin abu rabi-rabi."

Dokta ya cire tabarau ya goge, ya ba da shawarar kada kowa ya shiga tukuna. Warsito ya yi dariya, ya ce hassada ma ciwo ce, sai dai likita ba ya ganin tasa. Ya zare zobensa na zinare ya wurga tsakiyar kwamin. Ya ce zai nutsa ya ɗauko da idonsa a buɗe, kowa ya shaida ko zai yi ja.

Ya faɗa, tunjum. Da safen nan ya yi aski ya kuma gyara gemu da sabuwar reza, don haka gishirin bai sha wahalar neman ƙofa ba. Ido ya ɗauki wuta, haɓa ta ɗauka, ƙeya ta ɗauka. Ya yunƙura ƙasa, ruwa ya ce bai san zancen ba, ya dawo da shi. Ya sake kifa kai, sai wandon ɗorawa ya ɓullo sama yana kallon jama'a. Karo na uku ya haɗiyi loma guda, ya taso yana tari kamar tsohon janareta. Ya lalubo tsani da ido a rufe, ya ɗora nauyinsa, tsani ya ɓalle ya biyo shi. Tsanin dai ya san hanyar ƙasa, ya je ya tarar da zobe. Mai gidan kuwa ya rage a tsakiya, rigingine, farin tumbi yana sheƙi a rana.

Mutanen unguwar masu kunya ne, kowa ya cusa dariyarsa a kofin shayi. Dokta ya ce a kawo ruwan famfo a wanke masa ido. Kafin a kawo, Mak Rasminah ta taso da kwandonta, ta durƙusa a bakin kwamin, ta tsoma yatsa ta lasa. Fuskarta ta washe.

"To, shekara talatin ina koya maka haɗin nan, sai yau ka dace."

Ta ce zunubi ne a bar ruwa mai kyau haka ya tafi a banza. Ta yaye zane, ta shiga saka ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Suka taso shuɗi-shuɗi suka kewaye ɗanta.

"Mak, wannan babban fa?" in ji matar Dokta.

Tsohuwa ta auna shi da ido. "Ƙananan kwana goma sha biyu sun ishe su. Wannan sai an danne shi da dutse, ya yi wata guda kafin gishiri ya kai ga gwaiduwa."

Nan kunya ta ƙare. Wani lauya sai da aka bubbuga masa baya. Aka janyo Warsito da ragar da yake kamo ƙwai, aka yi zaɓe yana kwance da jiƙaƙƙen tawul a fuska. Dokta ya samu kowace ƙuri'a ban da ɗaya, har da ta Bu Tarsinah, wadda ta ce ta barkononta ce.

Amma kada ka ce lissafinsa bai fita ba. Kalma ɗaya ya ce za a taɓa a sunansa, kuma ɗaya aka taɓa. Tun daga ranar babu wanda ya sake ce masa Mai Ƙwai. An cire "Mai" ɗin.