Ɗaliban Kawu na Tokyo

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar walimar saukar karatu a makarantar Kawuna da ke Kabo. Ko na yi niyyar mantawa ma mutanen garin ba za su bari ba, don har yau in na sauka daga mota a tasha sai wani ya ɗago hannu ya ce, "Na-Tokyo, an iso lafiya?" Ni kuwa ko cikin jirgin sama ban taɓa leƙawa ba.

Bari in faro muku daga tushe. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Gwarzo, kuma a danginmu kaf ni ne "Injiniya" (duk wanda wayarsa ta ƙi kawo wuta, ko rediyonsa ya fara shaƙewa, ni ake nema). Kawu kuwa yayan Innata ne, malami ne mai Islamiyya, yana kuma ba manya karatu duk ranar Asabar. Abin da aka san shi da shi guda ɗaya ne: ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba. In ka yi masa tambayar da bai sani ba, a gaban kowa zai ce maka bai sani ba, sai ya duba. Dattawan Kabo suna cewa ba su taɓa jin ya yi magana a bainar jama'a ya dawo ya janye ta ba, kuma da wannan suke alfahari.

Ni na matsa masa a buɗe wa karatun nasa shafi a intanet. Da ƙyar ya yarda. Ɗalibansa su ɗauki karatun a waya su turo mini Gwarzo, ni kuma in ɗora. Ana nan sai ɗansa Sani, wanda ke karatu a Alƙahira, ya bugo mini ya ce shafin nan fa nawa gare shi, in ya danna sai ya je ya dafa shayi ya dawo bai gama buɗewa ba. Abin ya sosa mini rai, don a wayata garau yake buɗewa.

Sai na shiga bincike. Ashe akwai kamfanonin da suka ajiye injuna a manyan biranen duniya, aikinsu kawai su riƙa buɗe shafinka lokaci-lokaci, su auna daɗewar da ya yi kafin ya buɗe, su aiko maka da rahoto. In ya buɗe da wuri ka ga kore, in ya yi nawa ka ga ja. Na yi rajista, aka jero mini birane aka ce in zaɓa. Da yake kyauta ne, ni kuma ba na ganin kyauta in kau da kai, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na zaɓe su tas: Landan, Singafo, Mumbai, Sidni, Tokyo, har da wani gari a Barazil da na kasa karanta sunansa. Rahoton farko ja wur ko'ina. Da na duba sai na ga hoton ƙofar makaranta ne da na ɗora, mai nauyi kamar buhun masara. Na rage shi, duniya ta koma kore, Sani ya ce yanzu kam lafiya lau. Na bar injunan suna ta aikinsu.

Da a nan na tsaya da yanzu ina nan da mutuncina. To amma bayan 'yan makonni sai na ƙara wa shafin wani abu, wato taswirar da ke nuna daga inda maziyarta suke shigowa. Duk wanda ya buɗe shafin, sai ɗigo ya fito a garin da yake. Ranar da na fara dubawa na ga ɗigo a Landan. Na ga ɗigo a Singafo. Ga Sidni, ga Mumbai, ga Tokyo. Na miƙe tsaye a ɗakin malamai ni kaɗai, ina murmushi bakina har kunne.

(Na san abin da kuke tunani. E, ni na kunna injunan nan da hannuna. E, saƙonsu yana shigo mini a kai a kai. Amma wallahi ko sau ɗaya ƙwaƙwalwata ba ta haɗa wannan da wancan ba. Abin da raina yake so shi idona ya gani.)

Wadda na fara nuna wa ita ce Malama Rifkatu, malamar lissafi, 'yar Kafanchan, wadda teburinta ke kusa da nawa. Ta gyara tabarau ta ƙura wa taswirar ido.

"Malam, su waɗannan mutanen naka ba sa barci ne? Na ga safe da rana suna nan. Kuma kowa daga ya shigo sai ya fita."

"Madam, ai Bature ba ya ɓata lokaci," na ce mata. "Ya shigo, ya kwashi abin da yake so, ya yi gaba."

"Duk kuma suna jin Hausa?"

"Hausa ai ta zama harshen duniya."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce Allah ya ƙara ɗaukaka, ta ci gaba da duba takardun 'yan ajinta. Ni a lokacin har na ɗauka hassada ce. Allah ya yafe mini.

Ranar Juma'a na hau babur sai Kabo. Na sami Kawu a zaure, na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tambayi damina a wajenmu, ni kuwa duk jikina tsuma yake in kai ga magana. Da na samu sarari na buɗe kwamfuta na ajiye a gabansa.

"Allah gafarta Malam, karatunka ya zaga duniya. Ka ga nan? Ƙasar Japan ke nan."

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ka tabbata mutane ne?"

"Mutane ne, Kawu."

"Ka san ni fa. In na faɗa wa jama'a, na faɗa ke nan. Ka tabbata?"

Na dafa ƙirji na ce na'ura ba ta ƙarya, kuma wannan fannina ne. Sai na ga idonsa ya ciko. Ya ce ikon Allah, shi da bai taɓa wuce Makka ba, ga muryarsa ta kai inda rana ke fitowa. Daga Asabar ɗin nan, in zai fara karatu sai ya yi sallama ga na kusa, sannan ya ƙara da 'yan'uwanmu na nesa da ke saurare. Labari ya kai Gammo, ya kai Kara, ya kai Mainika. Inna kuwa duk gidan sunan da ta shiga sai ta ba da labarin ɗanta da ya kai yayanta Japan.

Da walimar sauka ta matso, kwamitin makaranta suka ce lallai a nuna wa jama'a abin nan ido da ido. Na aro majigin makarantarmu, Malama Rifkatu ta biyo ni da shi don a hannunta makullin sito yake, kuma dama matar Kawu ƙawarta ce ta kasuwa. Na ɗinka sabuwar shadda. Da safe ina shirya kaya sai na tuna injunan nan sukan turo saƙo ya faɗo a fuskar kwamfuta duk lokacin da wani gari ya ɗan yi nawa. Na ce kada ya faɗo mini a gaban manyan mutane ya ɓata mini tsari. Na shiga na dakatar da su, ina yabon kaina da hangen nesa.

Aka cika babban ajin makarantar maƙil, an toshe tagogi da tabarmi don hoton ya fito, janareta na ta ruri a waje. Yara suka yi karatu, aka yi addu'a. Sannan Kawu ya karɓi abin magana. Ya ce yau yana da albishir, karatun da ake yi a wannan ƙaramin gari ana sauraronsa a Ingila da Indiya da Japan, kuma ba ji ya yi a bakin hanya ba, ya gani da idonsa, ga ɗan ƙanwarsa nan masanin abin zai nuna musu. Aka juyo gaba ɗaya ana kallona.

Na kunna majigi. Taswirar duniya ta fito a jikin bango, fes da ita, wayam. Ɗigo ɗaya ne tal, a Nijeriya, kuma ni ne.

Na sake buɗewa. Ɗigo ɗaya. Na ɗaga waya sama kamar mai neman sabis, alhali sabis cike yake. Gumi ya fara bin bayana.

"Jama'a a yi haƙuri," na ce, "yanzu dare ne a can, duk sun kwanta."

Wani Alhaji mai harkar atamfa, wanda ya saba fita waje, ya yi gyaran murya daga sahun gaba. "Injiniya, Japan dai na yarda. Amma Landan ai yanzu hantsi ne kamar nan."

Aka ɗan yi guna-guni. Sai zuciyata ta ce wataƙila shafin ne ya faɗi a ƙasashen waje, bari in tambayi injuna. Na buɗe shafin awon (a jikin bango fa, kowa na gani, don ban tuna in rufe majigin ba). Ga sunayen biranen nan a jere rututu. Na danna maɓallin ci gaba, na koma kan taswira. Ko numfashi ban gama saukewa ba sai ga Landan ta fito. Sai Singafo. Sai Mumbai, sai Sidni, sai Tokyo, sai garin nan na Barazil, ɗaya na bin ɗaya kamar yadda suke a jere a inda na baro.

Aji ya ɗauki kabbara. Mata daga baya suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa a daidai wannan lokacin abin ya faɗo mini a ka: ashe injunana ne. Na waiga wajen Malama Rifkatu, na ga ta sunkuyar da kai tana gyaran ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Na ce a raina in na yi shiru na kashe majigi, shi ke nan, an tashi lafiya.

Amma Kawu bai yi kabbara ba. Bango yake kallo, yana shafa gemu. Ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya tambaye ni, abin magana na bakinsa.

"Ɗan nan, me ka taɓa suka zo?"

"Wani maɓalli ne, Allah gafarta Malam."

"To waɗanne irin mutane ne ake danna maɓalli ɗaya su taso gaba ɗaya, da masu barci da masu ido biyu?"

Ya miƙo mini abin maganar. Ban taɓa sanin ƙarfe ɗan wannan yana da nauyi haka ba. Na tsaya cikin sabuwar shaddata da ta jiƙe sharkaf, na yi wa iyaye da malamai da dattawan Kabo bayani, da muryar da ni kaina ban gane ta ba, cewa waɗannan injuna ne, ni na sa su su riƙa leƙa shafin suna auna saurinsa, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsu. Wani tsoho daga gefe ya tambaya da gaske ko injunan sun musulunta. Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki.

Kawu ya karɓi abin magana, aka yi tsit. Wannan ne wurin da har yau in na tuna sai na runtse ido.

"Jama'a, kun ji da kunnenku. Abin da na faɗa muku ɗazu ba haka yake ba. Na janye shi, ku yafe mini." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai na gode Allah, ban taɓa samun ɗalibai masu zuwa a kan lokaci irin waɗannan ba."

Aka sake fashewa da dariya, aka shiga rabon shinkafa. Ni ko loma ban iya kaiwa ba. Mutumin da bai taɓa janye magana ba ya janye ta a gaban garinsu, kuma ni na jawo masa. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina.

Da jama'a suka watse na same shi a zaure na durƙusa, na fara jero ban haƙuri. Ya ɗaga mini hannu.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Kai da kake ɗora karatun nan, ka taɓa sauraron guda ɗaya daga farko har ƙarshe?"

Na shiga ƙirga zaren tabarma.

"To madalla. Tun da mutanen Tokyo sun tafi, wurinsu ya zama babu kowa. Ranar Asabar ka zo da littafinka, sahun gaba."

Haka kuwa aka yi. Duk Asabar ina kan babur daga Gwarzo zuwa Kabo, ruwa ko rana, in zauna dab da gwiwarsa, kuma duk tambayar da ta fi wuya ni ake fara jefa wa. In na amsa da sauri sai ya dube ni ya jira. Yanzu na koyi cewa "ban sani ba, sai na duba", kuma in gaya muku gaskiya, ba ta da ciwo kamar yadda na zata. Shawarata gare ku kuwa, duk ranar da kuka ji duniya na ƙwanƙwasa muku ƙofa, kafin ku tara jama'a ku fara duba ko hannunku ne a jikin ƙyauren.