Saifuras Ya Rasu a Hannun Gwani

Da zukata masu nauyin baƙin ciki, da cikakken imani cewa gwani ba ya kuskure, iyalan gidan Tonui na Kapsoit, Kericho, a ƙasar Kenya, suna sanar da rasuwar ɗan itacensu, Saifuras, wanda ya shekara tara tsaye a ƙofar gida bai taɓa saɓa wa kowa ba. Ya cika a hannun mutumin da ya fi kowa sanin tsiro a faɗin ƙasar nan, wato dattijo Mzee Kimutai arap Tonui, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana shugabantar ma'aikata a gonar shayi. Ba kowane itace ke samun wannan gata ba.

Marigayin gajere ne, iyakarsa kafaɗar mutum, ga tsini kamar harshen kyandir. Ganyensa ƙanana ne, in ka murza sai ka ji ƙanshin lemun tsami. Bai taɓa zubar da ganye ya sa wani shara ba. Maganarsa ɗaya ce, "shuu," ita ma sai iska ta tambaye shi. Maman Chebet, matar Kiprono ƙanen Mzee, ita ta dasa shi ranar da 'yarta tilo ta tafi aikin jinya ƙasar waje. Duk Kirsimeti takan rataya masa fitilu, ta tsaya gefensa a ɗauki hoto a tura wa Chebet. Askinsa kuwa da yatsu take yi, ta tsinke kan ganye kawai, don ta san halin irinsa: in aka yanka har tsohon reshe, ba ya sake toho.

Ciwon ajali ya same shi wata Talata, Maman Chebet tana taron mata a coci. Mzee ya kawo ziyara da lanƙwasasshiyar wuƙarsa, wadda ba ta yi ritaya tare da shi ba.

"Kiprono, wannan abin yaushe rabonsa da wuƙa?"

"Yaya, ai ita ta ce irin wannan ba a..."

"Ita ta ce! Ni da na datse shayi gona guda? Duk shekara huɗu a sare daidai gwiwa, sati shida ka ga toho kamar gashin jariri. Kore duk kore ne. Riƙe min sandar awo."

A gidan Tonui ƙane ba ya musu da wansa, ko da ƙanen yana da digiri. Kiprono ya riƙe sanda. Cikin minti goma marigayin ya koma shimfiɗaɗɗe kamar tebur, babu ganye ko ɗaya.

Da Maman Chebet ta dawo, ta daɗe tsaye da jaka a hannu.

"Baban Chebet, ina itacena?"

"Ga shi nan. Ɗan gyara aka yi masa."

"Gyara? To zo kai ma in gyara ka daidai gwiwa, mu jira sati shida."

An yi jinya sati shida, aka ƙara shida. Kullum safe da yamma Kiprono yana durƙushe gaban kututture da bokiti, yana neman toho da tabarau. Daga ƙarshe Mzee ya zo dubiya, ya kankare ɓawo da farce, ya girgiza kai.

"Aikina ba shi da aibu. Sakaci aka yi da ban ruwa."

A Kericho ke nan, inda sama ke zubar da ruwa kusan kowace la'asar. Mzee ya waiga yana neman mai laifi, idonsa ya fara karkata wajen matar gida.

"Ni ne, Yaya," in ji Kiprono.

Marigayin ya bar Maman Chebet. Da Chebet, wadda ba ta sani ba tukuna, har ta kira sau biyu tana tambayar hoton bana. Da igiyar fitilu a cikin kwali. Da tsuntsaye biyu da suka koma maƙwabta ba ko sallama. Wuƙar tana nan cikin ƙoshin lafiya.

Za a tono gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Mzee Kimutai ya amince ya jagoranci taron, zai kuma yi jawabi kan yadda ake kula da itatuwa. Za a sha shayi. Kiprono ne zai yi haƙa, shi kaɗai. Bayan ya wanke hannu, Maman Chebet za ta kira lambar Chebet ta miƙa masa waya, shi kuma ya shaida wa 'yarsa cewa ya manta da ban ruwa.