Gawar da Ta Dawo da Gemu

"Lafiya lau, tsohon miji. Ashe har yanzu kana nan da ranka?"

Ummulkhairi ke nan, jikar Malam Tukur na Bungudu, wanda ya rasu daga baya, Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Ya aike ta Gusau a tura masa fim ɗin kaboyi a waya, irin na 'yan Italiya da ya kalla a sinima yana saurayi. An tura, amma ta ƙi kunna masa. Tun da aka harbe mahaifinta, ɗan Malam Tukur, a hanyar Tsafe, ba ta son ƙarar bindiga ko ta wasa ce.

"Ina nan, sai na ga furfurarki. Miƙo wayar."

"In miƙa maka mi? Na leƙa shi wajen mai turi. Masu fim ɗin dutse guda suka samu, ko rabin na Kwatarkwashi bai kai ba, suna ta kewaya shi da dawaki uku."

"Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara."

"Ai sai gyaran. Baki ya rufe tun jiya, magana sai yau ta fito. Jinin kuwa manja ne. Jarumin bai taɓa wanka ba, shi ya sa jininku ya haɗu."

"Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Kallo guda zai miki ki manta sunanki."

"Da wanne idon? Kullum a kanne kamar mai ciwon ido. Kuma don tsiya, wani mai gashin baki da aka kashe tun farko, can gaba sai ga shi ya manna gemu yana tuƙa keken doki. Ko kuɗin ɗauko sabon mutum ba su da."

Malam Tukur ya daɗe yana murza bakin tabarma.

"Shi nake son gani, 'yar nan," ya ce a hankali. "Can wanda aka harbe tashi yake ya sake hula."

Ummulkhairi ta juya baya, ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta zauna kusa da shi.

"To, zan kunna. Amma ba sauti."

"Kashe shi. Da ma shekara hamsin ban taɓa gane abin da suke faɗi ba."

Dariya ta ƙwace mata. Ya ɓara goro, ya miƙa mata babban ɓarin.

"Matso, mummuna, ki nuna min mai gemun."