Na'urar da Ta Yarda da Maganata

Ko zan manta da lambar iƙamata, wato katin zamana a Saudiyya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai surukina shan iska bayan garin Riyad ba.

Na sayi tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, irin wadda Larabawa ke kira karafan: ga gado, ga kicin, ga banɗaki. Maman Hanifa, matata, ba ta so ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa: "Ranar da ta ba mu kunya, ranar za a sa ta a kasuwa." Ni kuwa tuni na buga wa mahaifinta waya Kano, na ce batirin motar nan zai iya haska unguwar Fagge har da ragowa. (Ni dai haka Allah ya yi ni. Idan na ga ɓera, kafin in iso gida ya zama gafiya.)

Matsalar batir ita ce ba ka ganin cikinsa. Sai na je shagon kayan wuta neman na'urar da za ta riƙa gaya mini saura nawa. Mai shagon ya ajiye mini biyu. Ta farko mai araha, ƙarfin wuta kawai take nunawa, sauran kai za ka yi hasashe. Ta biyun tana ƙirga duk abin da ya shiga da wanda ya fita.

"Wannan miya bil miya ce, ya sadiƙ," in ji shi, wato ɗari bisa ɗari ce, abokina. "Amma sai ka gaya mata girman batirinka. Abin da ka faɗa, da shi za ta yi lissafi."

Na ɗauki ta biyun, aka haɗa mini.

Tsautsayi, ban saita ta ba sai ranar da muka ɗauko Baba, surukin nawa, daga filin jirgin Sarki Khalid muka wuce sahara. Yana tsaye a kafaɗata na'urar ta tambayi girman batir. Ɗari biyu ne. To, mutumin da aka yi wa alkawarin Fagge, ɗari biyu zan nuna masa? Na danna ɗari takwas.

"Masha Allah," in ji Baba.

Daga nan muka saki jiki. Tukunyar shinkafa, butar shayi, injin markaɗe, Hanifa da talabijin. Duk sanda Maman Hanifa ta harare ni sai in nuna mata allo: "Saura kashi tamanin da biyar cikin ɗari, Hajiya. Ko gezau!" Wallahi ni kaina na yarda. Har na matsa wa Baba ya yi wanka da ruwan zafi kafin la'asar, ya huce gajiyar jirgi.

Ya shiga, ya saɓa sabulu tun daga ka, sai komai ya yi tsit. Famfo ya tsaya, fitila ta mutu. Allon kuwa, ba kunya, yana nuna saura kashi saba'in da biyar.

Can muka ji murya daga banɗaki, a natse: "Baban Hanifa, an ɗauke wutar Fagge ne?"

Ruwan da hannu ke iya kaiwa gare shi a motar nan, sai na ƙanƙarar da ta narke a kula. Shi na zuba a buta, na juya baya, na miƙa wa surukina ta gefen ƙofa. Salatin da dattijon nan ya yi, ina jin har unguwar Badi'a da ke cikin Riyad an amsa.

Da ya fito yana rawar ɗari na faɗi gaskiya. Maman Hanifa ta ce, "Mu da muka san ka, gida huɗu muke raba maganarka mu ɗauki ɗaya. Ita na'urar, baiwar Allah, wa ya gaya mata?" Ta ɗauko waya za ta yi wa motar hoton talla.

Baba ya ɗaga hannu daga cikin bargo. "Bar masa ita. Shekara nawa muna nema, sai yau aka samu mai kama shi."

Motar tana nan, na'urar ma na mayar da ita ɗari biyu. Kuri dai ban daina ba, amma yanzu sai na tabbatar mai sauraro ya iya ragewa.