Ranar Da Sarƙar Keke Ta Hana Ni Durƙusa Wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran tunani, da ranar da na je Safana ɗauko matata Hindatu daga wankan jego. Shekarar da man fetur ya fi ƙarfin malamin makaranta ce. Ina koyarwa a Batsari, na jingine babur ɗina a zaure har kaji suka mai da shi wurin kwana, na sayi keke na hannu mai giya. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce motsa jiki nake so (jikin da ko tuwon kirki bai samu).

Matsalar ita ce an yi arba'in tuni, amma surukina bai ce uffan ba kan dawowar Hindatu. Labari ya iske ni cewa ya ji an jingine babur, yana shakkar ko gidan nawa zai iya riƙe mai jego da jariri. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ƙudura zan je da kaina, fes da ni, ya ga cewa ba a durƙushe nake ba.

To, keken nan yana da hali. Da ka taka da ƙarfi sai sarƙar ta yi tsalle daga wannan haƙori zuwa wancan, ƙafarka ta tafi a banza. Ban kai wa mai gyara ba. Ni da nake koya wa yara kimiyya? Na kifa shi a tsakar gida, na ga wasu ƙananan sukurori biyu a jikin abin da ke tura sarƙar ta baya, na sa bakin wuƙa na kwance su sosai, don a ganina matsewa ce ta hana sarƙar sakewa. Na ja wayar giya na ɗaure tamau, na bi da man gyaɗa. Da na juya feda da hannu sai ga taya tana gudu sumul. Har sai da na yaba wa kaina da baki. Ashe sukurorin nan su ne ke tsare sarƙar kada ta zarce iyakarta.

Na kama hanya da sassafe, babbar riga a naɗe bisa kariyar bayan keke, ƙafar wando ɗaure da roba. Keke bai ba ni matsala ba, saboda ban taɓa giyar ba ko sau ɗaya. A bakin gari na tsaya, na share zufa, na zura riga, na gyara hula, na kwance robar nan don kada a ce surukin gidan ya zo kamar mai tallar kananzir.

Kowa ya san ƙa'ida: daga nesa ake sauka, a tuɓe takalmi, a durƙusa. Ni ma na sani. Amma na hango Baba, wato surukin nawa, zaune bisa tabarma a ƙofar gida tare da mahaifinsa, tsohon da muke kira Kaka, da wasu dattawan unguwa, sai zuciya ta ce mini in ƙara matsawa kaɗan su ga irin keken. Akwai ɗan tudu mai yashi a gaban gidan. Na danna giya, na miƙe bisa feda.

Ji kake ƙarararas! Sarƙa ta haye haƙoran duka ta faɗa bayan taya ta cije, haƙoran gaba kuma suka cafke ƙafar wandona suka naɗe. Keken ya gangara da ni har bakin tabarma kafin ya tsaya. Na ji mazagin wando ya ce ɗas.

Ga ni nan tsaye a kan surukina, takalmi a ƙafa, keke tsakanin cinyoyi, hannu ɗaya a kan birki, ɗayan cikin riga yana riƙe da abin da ya rage na mutuncina. In na durƙusa keke ya bi ni, in na saki hannu wando ya tafi. Baba kuwa, saboda kunya, ya kafa wa tabarma ido kamar yau ya fara ganinta.

Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na fara gaisuwa daga sama.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, Malam. An zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya hanya?"

"Hanya alhamdu lillahi."

Haka muka bi ta tiryan-tiryan, da gajiya, da damina, da mutanen Batsari, babu wanda ya ambaci keke. Kaka ne ya kasa daurewa, shi da ke da wasa da ni.

"Wanga shi ne ya ƙwace mani mata?" in ji shi. "Ku kawo wuƙa a yanke shi daga jikin dokin nashi, kada su kwana a haka!"

Dattawa suka fashe da dariya. Shi da kansa ya yanke ƙafar wandon har gwiwa, yana yi yana tsokana. Na shige zaure da sauri, ina jiyo dariyar Hindatu daga cikin gida, wadda ta fi komai ƙona mini rai. Can sai ga ta da wando a ninke, hawaye na zubo mata don dariya.

"In ji Baba. Ya ce kuma jibi zan koma, amma a mota. Wai mutumin da ya taka keke tun daga Batsari don iyalinsa ba zai bar su da yunwa ba."

Na koma gida cikin wandon surukina, keke a bayan akori-kura. Wandon yana cikin akwatina har yau, don ni ba ni da idon mayarwa, shi ma ba zai iya buɗe baki ya tambaya ba. Yanzu in na ga sukurun da ban san aikinsa ba, gaishe shi nake yi in wuce. In kuwa za ni Safana, tun daga bakin gari nake sauka in tura.